Na Yi Aiki da Hatiminki, Umma

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Asabe Nas.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa irin wadda ta kamaci 'ya ga uwarta, da roƙon Allah ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki, na zo miki da magana, Umma, kuma ba mai daɗi ba ce. Na san wasiƙa ba ta isa inda kike. Na kuma san da yawa daga masu karanta wannan a wayoyinsu sun san fuskata a nan Daura, wasunsu ma na yi wa 'ya'yansu allura. Da gangan na ajiye ta a gabansu. Idan na faɗa a fili yau, gobe ba ni da hanyar zillewa, ke kuwa kin san ni da zillewa.

Ni ce Rabi, autarki, wadda duk unguwa ke kira Nas alhali ba ni da takarda ko ɗaya da ta ce ni nas ce.

Wata goma sha huɗu ke nan da kika bar mu. Ɗakin maganinki na zaure bai rufu ba, tun bayan addu'ar bakwai nake buɗe shi kullum. Lasisinki yana nan a bango cikin gilashinsa, kusa da hotonki na 'yanmatanci da farar hula. Hatiminki kuma, ɗan na robar nan mai sunanki da lambarki, yana cikin durowar tebur. Ban bar shi ya huta ba, Umma. Da shi nake aiki tun da kika tafi.

Kin sha ba ni labarin yadda kika samu wannan lamba, har na haddace shi ina yi miki dariya. Shekara uku a makarantar koyon aikin jinya, sannan kika koma kika yi na ungozoma. Kika ce ranar jarrabawar aiki wata mata mai tabarau ta tsaya a bayanki da takarda a hannu, tana bin hannunki da ido tun daga wanke hannu har naɗe bandeji, ke kuwa gumi na bin bayanki. Kika ce wata a ajinku ta faɗi don ta gama wanke hannu ta sake taɓa kan famfo. Ni a lokacin gani nake tsabar mugunta ce irin ta malamai.

Duk bayan shekara uku sai kin sabunta lasisin. Ki shirya jaka ki tafi Katsina bita, ki zauna a benci ɗaya da 'yanmatan da kin haifi sa'anninsu, ki dawo da sabon littafi cike da rubutu. Ina tsokanarki ina cewa ga tsohuwa 'yar makaranta ta dawo, a kawo mata alawa. Wata rana tsokanar ta ishe ki, kika nuna bango da cokalin da ke hannunki kika ce: "Lambar nan ba ado ba ce, Rabi. Ranar da na kashe mutum, da ita za a nemo ni."

Nawa tarihin bai kai a ba da labari ba, amma tunda mutane na karantawa bari su ji. Na gama sakandare, na faɗi Kemistiri sau biyu, na yi aure, auren ya mutu, na dawo gabanki. Don kada zaman banza ya kashe ni kika ce in riƙa wanke miki almakashi da tasoshi. Daga nan kika koya mini wankin ciwo. Allura a jikin lemo na fara koyonta, na huda lemo ya fi kwando, sannan wata rana kika miƙo mini damtsenki kika ce in yi. Shekara goma sha ɗaya ina tsaye a gefenki. Hannuna ya faɗa, har mata suka fara cewa hannun Rabi ya fi na uwarta sauƙi, yaro ba ya ko kuka. Wallahi maganar ta hau mini kai.

Sau biyu kina karɓo mini fom na makarantar nan ta shekara biyu, wadda ake horar da masu jinya don aiki a karkara, a ba su nasu lasisin. Kika ce in sake zama jarrabawar Kemistirin, za ki samo mini mai koya mini. Na ce baɗi. Baɗi ta zo na ce ai kunya ce in zauna aji da yara, ni da na fi wasu masu takardar iya neman jijiya. Kika mayar da fom ɗin cikin akwatinki, yana nan har yau ban taɓa shi ba.

Abu ɗaya ne kika hana ni, kuma na daɗe ina jin haushinsa. Da mai ciki ta shigo sai ki ja labulen gadon, ki ce in je in duba tukunya, ko da babu komai a kan wuta. Na taɓa yi miki ƙorafi, kika ce: "Masu ciki nawa ne. Ke hannu gare ki, karatun ne babu." Na yi kwana biyu ina kumbura a cikin gida, ke kuwa ko a jikinki.

Da kika rasu, ana cikin zaman makoki mata suka fara leƙowa da yara masu zazzaɓi a goye. Su yi gaisuwa, su yi addu'a, sannan su matso kusa da ni su ce ko zan ɗan duba musu. Yaya Lawal, babban ɗanki, shi ya ce in buɗe zauren. Ya ce mutane na da buƙata, kuma wa zai tsaya karanta sunan da ke bango? Gaskiya ya faɗa ta wani gefen. A unguwar nan ba wanda ya taɓa kiran sunanki, ke Nas ce, ni ma Nas ce. Amma kada ki ɗora masa laifin, Umma. Ko bai faɗa ba, raina yana so.

Ranar da na fara buga hatimin, wani dattijo ne zan tura asibiti, na san kuma takarda mai hatimi ta fi saurin samun mai dubawa. Na buga shi a karkace har sunanki ya fito biyu-biyu. A karo na biyu ya fito tsaf. A hankali har na koyi yadda kike jan wutsiyar sa hannunki. Lasisin zai ƙare a ƙarshen shekarar nan, Yaya Lawal ya ce ba wanda ya kai wa hukumar ma'aikatan jinya labarin rasuwarki, kuma akwai wani da ya san hanyar sabuntawa ta kwamfuta ba sai mutum ya je ba. Ban ce masa to ba. Ban kuma ce a'a ba, sai na ce ya bari tukuna.

To ga abin da ya faru.

Ranar Laraba ta makon jiya wani makiyayi, Malam Bello, ya zo daga wata ruga a bayan Dutsi. Ya kawo raguna kasuwa, ya haɗo da matarsa Hansai a bayan babur. Ya ce ke kika karɓi haihuwarta ta fari shekarun baya, ke yake nema. Na gaya masa kin rasu. Ya yi salati, ya yi miki addu'a mai tsawo, sannan ya ɗaga kai ya dubi bango, ya dube ni, ya ce alhamdu lillahi tunda kin bar magajiya mai takarda. Ba ya karanta boko. Hotonki na 'yanmatanci ya gani ya ɗauka ni ce, kin san yadda muke kama. Na ji shi sarai, na yi murmushi na ce su shigo.

Cikinta wata takwas. Kwana uku kanta na sarawa. Ƙafafunta sun kumbura har takalmin roba ba ya shiga, zoben azurfarta ya nutse cikin yatsa. Ta ce tana ganin wani ƙyalli-ƙyalli a idonta kamar tartsatsin wuta. Na gwada jininta na ga ya hau ƙwarai. Sai na ce a raina ai dole, tafiyar babur ce cikin rana a kan hanya mai gargada. Na ba ta ƙwayar hawan jinin da nake ba tsofaffin unguwa.

Sai mijin ya ce a sa mata ruwa. Kin san mutanenmu, Umma. In ba a rataya leda an ga tana ɗiga ba, to ba a yi magani ba, gobe wani wurin za su nufa. Ke korarsu kike yi, ki ce ƙarin ruwa ba shayi ba ne da za a ba duk wanda ya shigo. Ni kuwa ban iya korar mutum ba, ina son a fita ana yabona. Na kwantar da ita a gadonki, na ja labulen nan da hannuna, na sa mata leda biyu. Jijiyarta a kumbure take da wuyar samu, amma bugu ɗaya na same ta, har na ji daɗi.

Tana kwance ta ce mini a hankali, don kada mijin ya ji, wai ƙasan ƙirjinta ta dama yana mata ciwo. Na ce gyambon ciki ne, ta rage yaji. A kan kantar magani, daidai saman kan Hansai, akwai 'yar kwalbar nan ta tsinkayen gwajin fitsari da kike ɗauka duk sanda kika ja labule. Ban taɓa buɗe ta ba, don ban san me kike karantawa a jikinsu ba. Da la'asar hadari ya haɗo, suka yi sauri suka tafi, yana ta sa mini albarka.

Ranar Asabar da hantsi suka dawo da ita a bayan motar ɗaukar dabbobi. Motar 'yan makaranta da suka zo kallon rijiyar Kusugu ta tare bakin lungu, sai a tabarma aka ɗauko ta, maza huɗu. Jijjiga take yi, Umma. Ta ciji harshenta, jini da kumfa a bakin, idanu sun juye. Ban taɓa ganin irin wannan ba a shekara goma sha ɗayan nan, domin duk wadda za ta kai haka kin riga kin tura ta asibiti tun ina can ina duba tukunya. Na ce kada ma su sauke ta, su juya da ita asibiti yanzu-yanzu.

A tsaye na rubuta takardar turawa. Kin koya mini cewa duk abin da aka ba marar lafiya a rubuta shi, kada a ɓoye wa na gaba, to na rubuta duka: yadda jinin ya hau ranar Laraba, ƙwayar da na ba ta, ruwa leda biyu, da sallamar da na yi mata ta koma gida. Sannan na jawo durowa na buga hatiminki a ƙasa, na ja wutsiyar sa hannunki. Ko tunani ban yi ba, hannu ne ya yi abin da ya saba.

An yi mata aiki an ciro yaron da rai, ɗan mitsitsi, yana cikin kwalbar ɗumama jarirai. Ita kuwa ba ta farka ba. Yau Talata, kwana huɗu ke nan.

Jiya Litinin bayan azahar wayata ta yi ƙara. Hajiya Saude ce, 'yar ɗakinki tun kuna makaranta, wadda kike kira ƙanwata. Ban san ita aka mayar shugabar ɗakin haihuwa na asibitin ba. Ta gaishe ni a tsanake, ta tambayi Yaya Lawal da iyalinsa, ta tambayi ruwan bana, har na fara sakin jiki. Sai ta ce: "Rabi, takarda ta zo hannuna daga Asabe, mai kwanan watan Asabar ɗin nan. Ni kuwa da hannuna na yi wa Asabe wanka. Ki zo ranar Laraba ƙarfe takwas, ki taho da hatimin." Ba ta ɗaga murya ba, ba ta jira amsata ba. Da ta zage ni ta uwa ta uba da ya fi mini sauƙi.

Sai da na zauna na gane girman abin da na yi miki. A cikin fayil ɗin Hansai yanzu akwai shaida a rubuce cewa ma'aikaciyar jinya kuma ungozoma, mai lamba kaza, ta ga mai ciki wata takwas da hawan jini da kumburi da ciwon kai, ta ɗura mata ruwa ta sallame ta. Idan Hansai ta cika, za a zauna a bi takardun ɗaya bayan ɗaya, sunan da za a karanta kuma naki ne. Kin yi aikinki har kika yi ritaya ba a taɓa kiranki ofis a kan sakaci ba. Ni na jira kika kwanta inda ba ki iya kare kanki, na shafa miki wannan. Kaicona, Umma.

Na tambayi wata da ta yi karatun, ba tare da na ce ni ce ba. Ta ce waɗannan alamomin ko 'yar aji biyu ta san su, ba a kwana da su, ba a kuma sa ruwa haka kawai, asibiti ake turawa a take. Ta ce ciwon ƙasan ƙirjin nan shi ne ƙararrawar ƙarshe. Darasi ɗaya ne a cikin littafin da na ce na fi ƙarfin zama in karanta.

Yaya Lawal ya zo da nasa shawarwarin, har uku. In ce kin bar takardu da hatimi a buge tun kafin ki rasu. Ko in ce hatimin ya ɓace tuntuni, in jefa shi masai. Ko in tafi Baure gidan Goggo in yi wata biyu har magana ta lafa. Ba zan ɓoye miki ba, na haɗa jaka. Na sa kaya kala huɗu, na ajiye ta bayan ƙofa, na ce da sassafe zan bi motar farko.

Da safen nan, kafin in fita, Malam Bello ya yi sallama a zaure. Ya rame, idanunsa sun yi ja, rigar da ya zo da ita ranar Asabar ce a jikinsa. Ya ajiye ƙwaryar nono da ƙwan zabi a cikin 'yar roba, wai mahaifiyarsa ta aiko a kawo wa Nas. Ya ce likita ya ce da sun ƙara jinkiri kaɗan da an rasa su duka biyun. Ya ce takardata ce ta buɗe musu ƙofa, ana ganin hatimi aka wuce da ita ciki, ya gaya wa kowa a rugarsu. Sannan ya ce matar ƙanensa ma tana da tsohon ciki, ita ma ƙafarta ta fara kumbura, gobe in sun zo kasuwa za a kawo mini ita in sa mata ruwan nan.

Umma, na karɓi ƙwaryar. Da hannu biyu na karɓa, har na ce an gode. Ina kallo ya sa takalmansa ya fita. Sai da ya yi nisa sannan na bi shi da gudu ba ko mayafi, na ce kada su kawo ta nan, su wuce da ita asibiti kai tsaye, yau ba gobe ba. Ya tambaye ni dalili, na ce kayan aikina ne suka ƙare. Ƙarya na ƙara yi masa, a tsakiyar titi.

Na dawo na kwance jakar. Na sa wa zauren kwado, mata biyu sun zo sun buga sun gaji sun tafi.

Gobe zan je. Ban san abin da Hajiya Saude ta shirya ba, ko ita kaɗai zan tarar ko da mutanen hukuma, ko daga can gida zan dawo ko wani wuri za a wuce da ni. Ina jin tsoro ƙwarai, tun jiya ruwa kaɗai ke shiga cikina. Amma ba ofishinta na fi tsoro ba. Malam Bello yana wuni a gindin darbejiyar da ke bakin ƙofar asibitin, dole ta gabansa zan wuce. Shi zan fara tsayawa wa. Zan durƙusa in gaya masa cewa hoton da ya gani ba nawa ba ne, ban taɓa shiga ajin jinya ba, kuma tun ranar Laraba ya kamata in tura matarsa, ni na riƙe ta na sa mata abin da bai kamata ba. Abin da zai yi da ni bayan nan, shi da Allah.

Ummana. Da kina nan da kin wanke ni tas, ki ƙi cin abincin da na dafa, sannan can anjima ki kira ni ki ce in zo in matsa miki ƙafa. Ina kewar faɗanki fiye da komai. Duk sanda kika ja labulen nan na ɗauka rowa kike yi mini, ashe su kike karewa daga ni, ni ma kina kare ni daga irin wannan rana. Ki yafe mini. Na san ba ki da bakin cewa kin yafe, shi ya sa abin ya fi ci mini rai.

Ina cikin rubuta wannan sakin layi wayata ta yi ƙara, ta katse, ta sake yi. Hajiya Saude ce. La'asar ɗin Talata ce yanzu, ita kuwa Laraba ta ce, kuma kin san ta, ba ta kira don maimaita magana. Ko Hansai ta buɗe ido, ko ɗayan. Ban ɗauka ba. Na ce bari in gama yi miki addu'a tukuna, don ban san da wace murya zan iya yin ta ba bayan na ji.

Ya Allah ka jiƙan Asabe, ka haskaka kabarinta, ka saka mata da alheri a kan kowane rai da ya zo duniya ta hannunta, kada ka tambaye ta abin da aka aikata da sunanta tana ƙasa. Ya Allah ka tashi kafaɗun Hansai, ka ba ta ikon ɗaukar ɗanta ta shayar da shi. Idan kuma ka riga ka hukunta, ka ba mijinta haƙuri, ni kuma ka ba ni ƙafar da za ta kai ni gabansa. Amin.

Ga shi ta sake kira, Umma. Zan ɗauka.

'Yarki mai neman gafararki,
Rabi